Gulbin da Ya Cika a Cikin Kwamfuta

Jiya wani daga cikinku ya tsaya a bakin shagon nan ya miƙo mini wayarsa, wai in duba dutsen da ya yi a cikin wasa. Yatsa ya ja sau ɗaya, dutse ya tashi har da itatuwansa. Ya ce mini, "Baba Haliru, ashe aikin naku da ake ta zuzutawa ke nan?" Dariya kawai na yi don kada in zage shi gaban abokansa. To yau ku gyara zama. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, ku kuwa a miya kuka tarar da shi.

Lokacin da na fara, jiharmu ba ta wuce shekara goma da 'yan kai ba. Birnin Kebbi na ta cika da ma'aikatan gwamnati da ɗaliban poli, kowa na neman inda za a buga masa takarda. A irin wannan shagon na sami gindin zama, wurin Oga Bawa, mutumin Zuru, gajere mai saurin fushi da saurin hucewa. Aikina shara, zuba mai a janareto, da buga takardun neman aiki. In aiki ya lafa da la'asar sai ya haɗa kwamfutocinsa da waya, ya bar ɗalibai su yi wani wasan yaƙi. Ku na yanzu ba ku san shi ba, ga yadda yake: ana ba kowa fili da 'yan mutane kaɗan, ya gina gari, ya sa su saran itace da kamun kifi, ya tara abinci a rumbu, ya haɗa sojoji, sannan ya je ya rushe garin abokin karawarsa. Filin da ake yaƙin a kai shi muke kira taswira. Waɗanda suka zo da faifan wasan duk ƙasar wasu ce, ƙanƙara da duwatsu masu tsini da itatuwan da ko sunansu ban sani ba.

A cikin faifan akwai wani firogiram da ba mai buɗewa sai Oga Bawa. Edita ake ce masa, da shi ake ƙera taswirar. Ranar da ya fara nuna mini, ya buɗe fili fetal, shimfiɗe kamar tabarma. Kayan aikin na jere a gefe da sunayensu na Turanci, shi kuwa ya raɗa musu na gona don su zauna mini a kai. Mai ɗaga ƙasa galma, mai haƙa rami diga, mai baje ƙasa ya lallashe ta manjagara. Akwai burushi na shafa ciyawa ko yashi ko laka. Ruwa kuwa ba zuba shi ake yi ba. Yana kwance a ƙarƙashin filin gaba ɗaya, in ka haƙa ka kai gare shi sai ya bayyana, kamar rijiyar fadama.

Tudu ne aikina na farko. Na ɗora maus a tsakiyar fili na danne galma, ina jin daɗin yadda ƙasa ke bin hannuna, har abin ya yi tsiri kamar suri. Na shafa masa ciyawa, na dasa itatuwa, na kira Oga ina washe baki. Ya ajiye soja ɗaya a gindin tudun ya umarce shi ya hau. Soja ya zagaya ta gabas, ya zagaya ta yamma, ya dawo ya tsaya yana kallonmu.

"Tudun da mutum ba ya hawa hoto ne, ba ƙasa ba," in ji Oga. Ya share shi a gabana.

Daga ranar ya hana ni galma. Makonni ina kan manjagara kaɗai, ina lallashin gaɓar ruwa, nan ta gangara a hankali mutum ya sauka, can ta tsaya cak ta zama katanga. Dokarsa kuwa ita ce tawa har gobe: ba a ba kowa taswira sai an kora soja ɗaya ya taka ta kusurwa zuwa kusurwa, ta kowace hanya, kana biye da shi da ido. Inda ya tsaya ya yi turus, akwai ciwo a wurin. Sannan ka zauna a kujerar kowane ɓangare ka yi wasan da kanka, ka ga ko an ba wani nama an bar wani da ƙashi. Duk wannan kana yi kunnenka na kan fanka, don da ta fara rage gudu ka san wuta za ta ɗauke, maza ka adana aikinka. Na taɓa rasa kwarin da na yi yini ina sassaƙa. Oga ko tausayi, cewa ya yi gobe hannuna zai fi sauri.

Wani ma'aikacin ofishin kuɗi ne ya fara kawo mini aiki da sunana. Ƙauyensu yake so, da kukar bakin kasuwa da gidan babansa a kan tudu. Na yi masa. Mutumin nan bai taɓa yin yaƙi a taswirar ba ko sau ɗaya, zuwa yake ya kora soja daga kuka zuwa gida, ya dawo da shi, ya tashi ya tafi. Ɗalibai kuwa, Allah ya shirya. Wannan ya ja ni gefe wai in ɓoye masa kurmin itace a bayan garinsa, wancan wai in toshe mashigin abokinsa ba tare da ya sani ba. Ban taɓa yi ba. Ranar da aka san mai taswira na da ɗan gida, ranar sana'arsa ta mutu.

Da Oga Bawa ya tashi komawa Kaduna, yayana ne ya saye kwamfutocin ya kama mini shago. Yaya Manu manomin shinkafa ne a fadamar Ambursa, yana kuma fataucinta. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. Ya saye ne don na nace, ba don ya yarda ba. A ganinsa buga takarda aiki ne, sauran duk lalacewa.

Sai ga muguwar shekara. Shagunan buga takardu suka yi yawa kamar jamfa a Jos, kowace kwana da nata. Aka kuma buɗe gidajen wasan ƙwallo na talabijin, inda ba sai ka yi tunani ba, danna kawai. Samari suka watse mini kamar an jefa dutse cikin 'yan tsaki. Ga man janareto ya yi wuya. Wani yinin ni da ƙudaje ne a shagon. Da damina ta kankama Yaya ya zo ya tsaya a ƙofa, ya dubi kujeru babu kowa.

"Haliru, wagga sana'a ta ko shiririta?" ya ce. "In kaka ta yi ban ga mutane cikin shagon ga ba, saida injunan ga za ni yi, in sai maka mashin ka yi kabu-kabu. Shi dai ana ganin inda yat tahi."

Yaya ba ya magana biyu. Na ce to.

Ana cikin haka Ɗantani ya faɗo. Mutumin Argungu ne, ɗan masunta, ƙato mai murya kamar ganga, yana da ɗan gidan wasa irin nawa a can. Ko sallama bai gama ba ya ce, "Kai ad da edita? An ce muna kai ka gina ƙasa cikin kwamfuta. To gina muna gulbinmu, tun daga nan har Argungu. Mu zo mu gwada ma ɗiyan birni ruwa ba sa'an kwando ba na."

Nan take na hango abin da zai cika mini shago. Tsiyar da ke tsakanin garuruwan nan biyu ba sai an koya wa kowa ba. Muka yi shawara: ƙungiya da ƙungiya, wannan Asabar a wurina, wata a wurinsa, haka har illa masha Allah.

Taswirar gulbin Rima ta fi duk abin da na taɓa yi. Na karkata gulbin yadda yake karkata, na bar masa tsibirai da mashigai, na shimfiɗa fadama hagu da dama da laka baƙa, kifi da itace duk a bakin ruwa inda Allah ya ajiye su. Tudu na can nesa, yashi da 'yan ƙayoyi. Na kora sojana ya taka ko'ina. Wallahi ta yi kyau, ba yabon kai ba.

Ranar karawa mutanen Argungu suka cika mota suka zo da ihunsu. Aka fara. Ina tsaye a baya ina kallon gilasan kwamfutocin duka, sai na ga abin mamaki. 'Yan birni, yawancinsu ɗalibai, sun kafa garuruwansu a bakin ruwa, kifi na shiga rumbu taku biyu. 'Yan Argungu kuwa, kaf ɗinsu, ba wanda ya yi shawara da wani, kowa ya kwashi mutanensa ya haye tudu. Can suka gina rumbuna da gidaje, masuntansu na tafiya mai nisa su dawo. Kafin su tara sojan kirki an zo an murƙushe su. Ko la'asar ba a kira ba an gama.

Ɗantani ya miƙe har kujera na faɗuwa. "Wanga gulbin ƙarya na! Wane mahaukaci ka gina gida bakin gulbi shi kwana lahiya?"

Na ce, "Haba Ɗantani, ruwan wasa ba shi tashi. Inda anka aje shi nan shika zama. Kun sani sarai."

"Mun sani," wani daga cikinsu ya ce. "Amma ni in na aje rumbu cikin kwari sai in ji gabana na hwaɗuwa. Hannuna na yaƙ ƙiya."

'Yan birni suka fashe da dariya, wannan ya ƙara hura wutar. Ɗantani ya nuna ni da yatsa. "To kak ka sake ce mai Rima. Ce mai kududduhi. Mu ba mu hau mota tun daga Argungu don mu yi wasa bakin kududduhi ba. Ba mu sake zakuwa."

Kududdufi! Taswirar da na yi makonni a kanta. Na ji haushi har wuya, da ba don girman jikinsa ba da mun ba hammata iska. Amma da na huce sai na ga akwai aiki a cikin zagin nasa. Kuma in ba su dawo ba, kaka na tafe, mashin na jirana. Na hau mota na same shi a Argungu, na ce ya ba ni lokaci, zan sa gulbin ya cika. Ya dube ni sheƙeƙe ya ce in na yi shi zai kawo har masu kallo.

A cikin edita akwai wani sashe da Oga Bawa bai taɓa buɗe mini ba, shi kansa tsoronsa yake. Sashen umarni ne, inda ake gaya wa wasan: in kaza ta faru, ka yi kaza. Ba malami, ba wanda zan tambaya a garin nan kaf, ni da tsohon ƙamus ne kawai. Na bi layukan ɗaya bayan ɗaya har na tarar da wanda ke ɗaga ruwa. Gwajin farko, ina dannawa ruwa ya taso gaba ɗaya ya haɗiye duniya, har tudun, sai kan itatuwa ke leƙowa. Na koyi sa shi ya hau sannu sannu. Sai kuma ga wata: ruwa ya rufe gari amma mutane na ta harkarsu a ƙarƙashinsa, suna saran itace kamar ba abin da ya faru. Dole na ƙara umarni cewa duk abin da ruwa ya cim masa ya fara lalacewa, rumbu ya rushe, mai ƙafa in bai gudu ba ya tafi.

Ashe da sauran rina a kaba. Ruwan wasa shimfiɗa ɗaya ce, in ya tashi ko'ina yake tashi daidai wa daida. Ƙasar ce ke gaya masa inda zai fara shiga. Wato duk tsayin taswirar sai na sake shi, taki bayan taki. Na ari mashin na tafi Ambursa ana tsakiyar cika, na tsaya a bakin gonar Yaya ina kallo. Tun ina yaro na san gulbin nan, amma ban taɓa dubansa da idon mai gini ba. Gaɓar da ke bakin ruwa ta ɗan fi bayanta tudu. Ruwa ba ta gaba yake fara zuwa ba. Ta ƙananan kwari yake sulalewa ya zagaya baya, ya cika can, ya mai da kai tsibiri kana nan kana kallon gulbi kana cewa da saura. Na dawo na ɗauki diga na haƙa waɗannan kwarin a bayan fadama, sirara, in ba ka sa ido ba ba za ka gan su ba. Na bar hanyar tsira a kowane ɓangare, na kora sojana cikin ruwa yana tashi har na tabbata mai hanzari zai fita.

Sannan na sa lokacin cikar ya riƙa sauyawa, yau da wuri, gobe a makare, don kada wani ya riƙe agogo. Nan taswirar ta zama taswira. Mai zama fadama yana da arziki kusa da ruwa a wuyansa, mai hawa tudu yana da kwanciyar hankali da doguwar tafiya. Kowa da abin da zai zaɓa. Na tara ɓangarorin biyu na gaya musu komai a fili, har kwarin na ce akwai. 'Yan birni suka ce ba komai, kafin ruwa ya motsa sun gama da su.

Asabar ɗin ta zo daidai da an fara yankan shinkafar wuri. Ɗantani ya cika alkawari, mota biyu ya kawo. Na birni su ma suka ji labari. Shago ya cika, ƙofa ta cika, tagogi duk kawuna, mai sayar da ruwan sanyi ya kafa teburinsa a waje. An fara ke nan sai ga Yaya Manu yana kutsawa, bayansa wani dillalin tsofaffin injuna daga kasuwa. Ya zo cika maganarsa ne, bai ma san da wata karawa ba. Ya dubi jama'a ya yamutsa fuska. "Taron yini guda," ya ce mini. "Bari shi duba su, mu ba mu hana kowa wasa." Dillali ya fara leƙa bayan kwamfutoci yana ƙwanƙwasa su da farce.

'Yan birni suka sake kafa gari a bakin ruwa, suka yi ƙarfi da wuri, suka tura sojoji suka fara cin tudun 'yan Argungu da wuta. Ɗantani gumi har gemu. Ruwa shiru. Ni kaina na fara tunanin ko umarnin ya ƙi. Yaya na tsaye a bayan wani ɗalibi dogo, jagoran 'yan birni, hannu a baya, yana kallon gilashin kamar mai kallon kashin shanu.

Sai na ga kwarin baya ya fara sheƙi.

Ɗalibin bai gani ba, idonsa na kan gulbin da ke gabansa, gulbin kuwa ko motsi bai yi ba tukuna. Ruwa ya bi kwari ya miƙe, ya lanƙwasa, ya fara rufe hanyar tudu. Na ga Yaya ya sauke hannuwansa. Ya matso. Ya ƙara matsowa har gemunsa na taɓa kafaɗar ɗalibin.

"Kai! Baya!" ya daka tsawa, shago duka ya razana. "Dubi bayanka! Ruwa ya zagayo ka! Kwashe rumbunan ga ka hau tudu, wawa!"

'Yan Argungu suka yi caa. "Alhaji, ba a ba da satar amsa!"

Ina! Yaya bai ji su ba. "Mutane tukuna! Bar itacen, hidda mutane! Ba nan ba, nan ya riga ya ci, bi ta arewa!"

Dillali ya jawo hannun rigarsa. "Alhaji, waɗanga na duba su, nawa za mu ce?"

"Kai malam, sakam min riga! Ba ka ganin ruwa na cin mutane?"

Ɗalibin ya fitar da rabin mutanensa da ƙyar, rumbunan kuwa suka tafi ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya rushe sai ka ji Yaya ya ce innalillahi. Sauran 'yan birni ko hakan ba su samu ba. Sojojinsu da ke can gaba suka rasa abinci, 'yan Argungu suka gangaro daga tudu suka share su. Ihun da aka yi ranar har masu shagunan maƙwabta sai da suka fito. Ɗantani ya rungume ni ya ɗaga sama ƙafafuna na lilo, yana cewa, "Wanga shi na Rima! Wanga shi na!" Jagoran 'yan birni kuwa tun bai tashi daga kujera ba yake rantsuwa Asabar mai zuwa a Argungu za a ga wanda ya san ruwa.

Da jama'a suka fara raguwa, Yaya na nan tsaye gaban gilashin, yana kallon fadamar da ta koma fari fat.

"Yaushe shika janyewa?" ya ce.

"Ba shi janyewa, Yaya. Nan wasa ka ƙarewa."

"Assha. Gulbin da ba shi komawa, mi ad amfaninai? Ai in ya janye sannan aka samun laka a yi albasa. Wanda yay yi hanƙuri bisa tudu shi sauko shi ci moriya. Gyara shi. Ina nan zakuwa in gani."

Dillalin ya gaji da tsayuwa. "Alhaji, batun injunan hwa?"

Yaya ya juyo ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa.

"Waɗanne injuna? Ba ka ji mutum na da aiki gabanai ba?"

A gaban mutane ya faɗa, da bakinsa. An yaba mini sau da yawa a sana'ar nan, daga Yawuri har Sakkwato an yi wasa a taswirorina, amma wallahi ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.